Gawayin da Ka Binne a Iyakar Daji

Baba,

Sallama da gaisuwa daga Illela. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da ranka ma kai ba mai son takarda ba ne, sai dai a karanta maka kana gyaran kekenka. Amma shekara biyu ke nan ba mu yi hira ba, kuma magana ta cika mini ciki.

Gida lafiya lau. Inna tana nan, ƙafar ce dai ke damunta. Matata Hadiza ta haifi namiji, an sa masa sunanka, shi ya sa Inna ba ta iya kiransa, sai ta ce Malam Ƙarami. Tafkin Kalmalo ya yi ruwa bana, mun ci tarwaɗa har mun gaji. Kawu Sani ya nemi in ba shi kekenka, na hana.

Ka san ni aka bar wa gandun dajin da ka ƙare rayuwarka kana tsaro. A kansa nake son mu yi magana.

Ka tuna yadda kake zagaya iyakarsa da ƙafa kowace kaka, kai da abokinka Arɗo Jaɓɓo? Kwana uku kuke yi, ka dawo da ƙaya a wando da ƙwaryar nono. Ba ka taɓa yarda da ginshiƙan siminti ba, don yashi yana binne su, mutane kuma suna cirewa su yi murhu. Sai ka haƙa rami kamu biyu a kowace kusurwa, ka zuba gawayi da fasasshen kasko, ka rufe. Ka ce gawayi ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa. In gardama ta tashi, ka sa a haƙa, baƙi ya bayyana, kowa ya kama gabansa.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Da aka ɗauke ni aiki, an tura mu kwas na mako biyu a Sakkwato, aka koya mana na'urar da ke nuna wa mutum inda yake tsaye. Na dawo da takardar shaida, kaina ya kumbura. Sau uku kana kira na mu zagaya tare. Shekarar farko na ce akwai taro. Ta biyu na ce babur ya lalace. Lafiyarsa ƙalau, Baba, ina kasuwar Lahadi ina shan shayi da abokai. Ta uku na ce maka zamanin gawayi ya wuce. Ka yi dariya ka ce makaho ya samu sanda mai batir. Na ji haushi har na bar tuwona. Me ya sa ba ka yi mini tsawa ba? Me ya sa ka ɗauki gorarka ka tafi ka bar ni?

A kwas ɗin ba wanda ya ce mana na'ura ba ta san komai ba sai inda ƙafa ta kai ta. An koya mana latsa maɓalli. Ba a koya mana zama da tsofaffi ba, ko yadda ake gaisawa a ruga kafin a taɓo zancen saran itace. Ma'aikata uku ke ƙarƙashina yanzu, ba wanda zai bambance ɗan gawo da farar ƙaya in suna ƙanana. Ni kuwa da suke kira babba, me zan koya musu?

Yanzu manoma daga wajen Garu sun turo gonakinsu ta arewa. Sun ce ƙasar kakanninsu ce, kuma wataƙila wasunsu na da gaskiya. Hakimi ya sa ranar Alhamis in je in nuna iyaka kafin shuka. In na ja layi ciki, gawo da aduwar da ka raya sun zama na gatari. In na ja shi waje, na cire abinci daga bakin mutane da zalunci.

Na je wurin Arɗo. Idonsa ya dushe, amma na goya shi a babur, yana shafa ɓawon itatuwa yana nuna mini. Mun samu rami biyar, na shigar da su a na'urar. Da fartanya ta taɓo gawayin farko, sai na zauna a ƙasa na yi kuka, don hannunka ne ya zuba shi. Amma daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya, daidai inda ake rigimar, Arɗo ya ce bai taɓa bin ka ba. A nan yake ratsewa ya shayar da shanu, ku haɗu a gaba. Kwana huɗu muna haƙa, ba abin da ke fitowa sai jan yashi.

Ta ina ka bi, Baba? Gabas da tudun da ke tsakanin tsamiyar da rijiyar, ko yamma da shi? Tafiyar rabin yini ce kawai, kuma sau uku ka yi mini tayinta.

Ba zan yi ƙarya a kan ƙasa ba, wannan kam na koya a wurinka. Ranar Alhamis zan tsaya gaban hakimi da manoma da mutanen ruga, ni ɗan Garba Malamin Daji, in ce musu ban sani ba.

Ka yafe mini. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sa ka huta.

Ɗanka da bai bi ka ba,
Murtala