Itacen 'Yan Sikawut

Kafanchan, 3 ga Agusta, 1977

Ɗana Silvanus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni lafiya, sai gwiwa. Ƙanwarka Emilia lafiya, jaririnta yana haƙori, ba ya barin kowa barci. Baba Kumai ya sha zazzaɓi amma ya tashi. Da hannuna nake rubuta maka, idan layi ya karkace ka yi haƙuri.

Magana ta taso a kan filin babanka na bakin rafi, inda 'yan sikawut suke kafa tanti. Malam Gregory, shugabansu, zai sayar da rabi ga Mista Marcel na reluwe, ya gina ɗakin ajiye citta. Wai filin nasu ne, shekara goma sha takwas suna ciki. Silvanus, aro babanka ya ba su! Ba a yi takarda ba. Shaidar ita ce damin itacen da suke kawowa gidanmu kowace shekara, don a wurinmu mai aron ƙasa yakan gaida mai ƙasa da wani abu.

Ga inda na yi wauta. Tun da ka saya mini risho, shekara biyu ke nan ina ce wa yaran su huta, ba na bukatar itace. Baba Kumai ya ce wanda ya ƙi gaisuwar ƙasa kamar ya saki ƙasar ne. Dattawa za su zauna a gidan dagaci Asabar, ashirin ga wata. Abinci ba ya shiga mini. Ka zo.

Mamanka, Afiniki

Kakuri, Kaduna, 9 ga Agusta

Mama,

Na gaishe ku duka. Rubutunki ya fi na fomanmu na masaƙa kyau.

Shekara shida ni ma na ɗauki itacen nan a kaina, kuma ko sau ɗaya ban san gaisuwar ƙasa ba ce. Malam yakan ce ɗan sikawut ya yi aikin kirki kowace rana, ga gidan dattijo, ku taimaka. Na tabbata shi ma haka ya ɗauka, don baƙo ne daga Zonkwa, kuma wanda ya gada bai faɗa masa ba. Masaƙa ba za su ba ni hutu ba. Kada ki yi faɗa da shi, Mama, shi ya koya mini iyo a rafin nan. Ki ci abinci.

Ɗanki, Silvanus

Kafanchan, 21 ga Agusta

Ɗana,

Allah ya yi!

Ban yi faɗa ba. Ran Laraba na ɓoye risho a ƙarƙashin gado, na ɗaura zanen zumuntar matan coci, na je sansanin. Na ce, "'Ya'yana, ruwan sama ya jiƙa mini itace, tsohuwa ba ta da na tuwo." Kafin in rufe baki sun watse cikin daji. Ran Alhamis sai ga su, yara arba'in, kowa da dami a ka, da ganga da usur, Malam a gaba da gajeren wandonsa yana "lef, rait!" Ta ƙofar dagaci suka bi, dattawa suna zaune a gindin mangwaro. Emilia ta yi guɗa har jariri ya tsorata.

Jiya a wurin zama Malam ya yi dogon bayani, har da Turanci. Dagaci ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Malam, shekaranjiya gidan wa kuka kai itace?"

Ya ce, "Gidan Mama Afiniki. Taimako ne."

Baba Kumai ya ce, "Tsofaffi nawa ne a unguwar nan? Ni ban tsufa ba?"

Aka kwashe da dariya. Dagaci ya ce fili na gidan babanka Dogara ne, ba mai sayar da ko taku ɗaya. Na yi rawa a hanya, da gwiwar nan!

Mamanka

Kafanchan, 24 ga Agusta

Silvanus,

Malam ya zo yau. Ya ƙi kujera. Ya ce, "Mama, da zuciya ɗaya yaran nan suka yi miki." Ya ce ran Asabar, uku ga Satumba, za su tone sandar tuta su bar wurin. Ashe tanti yake so ya saya musu da kuɗin filin, nasu duk sun ruɓe.

Mista Marcel ma ya zo da yamma, yanzu ni yake lallashi. Na ba shi ruwa ya tafi.

Filin naka ne, kai ne magaji. Ina so mu sake ba su aro, a takarda wannan karon, ni zan rubuta a gaban dagaci, a karanta wa yaran su san abin da suke ɗauka. Amma ba zan yi ba sai ka ce to. Ka ba direban motar Kafanchan amsa kafin Juma'a, biyu ga wata. Ba na so su taɓa sandar nan.

Mamanka, Afiniki