Gwangwani Mai Tauraro

Tungar Na'Allah, kusa da Lolo
Watan Safar

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga yayarka Tasallah zuwa ga ƙanena Bunyaminu, akawun Kamfanin Mai Tauraro, ƙasar Dahome. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina aiki, ina ɗawainiya? Inna tana gaishe ka, maigida Maƙeri shina gaishe ka. Bayan haka:

Saƙonka na kifi da naman gwangwani ya iso ta hannun Malami mai jirgi. Mun gode, Allah shi ƙara buɗi. Kifin na ci, tunda kifi ba ya son yanka. Na naman ne na bari, don ban san hannun da ya yanka ba, kada ka ji haushi. Inna kuwa ta ɗora nata bisa garwashi kamar yadda kowa ke yi nan, don man ya narke, ta fasa da wuƙa, ta kira maƙwabta wai su zo su ɗanɗana kifin Autanta. Gwangwanin ma ta hana Maƙeri ya yi fitila da shi. Ta wanke, ta jera shi da 'yan uwansa cikin kwanoninta, tauraron na kallon ƙofa.

Na tuna farkon kamfanin nan, lokacin da Baturenku bai da komai sai rumfar kwano a bakin ruwa, yana sayar da kifin ƙasarsu da lemun kwalba, masunta na dariya wai ga wanda ya kawo ma kogi tallan kifi. Kai kana wanke mashi kwalabe. Da ya kawo injin ya fara rufe giwan ruwanmu da ruwan tsamiya cikin gwangwani, masu dariya sunka koma masu kai mashi kaya. Ban manta alherin wannan ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san Sarkin Ruwa Na'Allah ya rufe Gurbin Dorina tun saukar damina, kamar kowace shekara, don kifi ya yi ƙwai cikin ciyawar burgu. Kwanan nan da hantsi munka ji wata ƙara, har kaji sunka watse. Da anka isa gurbin, ruwa ya yi fari fat da cikin kifi, manya da 'yan mitsi-mitsi, har da kunkuru ya tsage. Wani jirgi ya kwashe manyan, ya miƙe wajenku. Haka anka sake yi, anka kuma sakewa. Sarkin Ruwa ya tsinci ɓallin gwangwani cikin burgu ya kawo ma Maƙeri. Maƙeri ya shinshina ya ce albarushi ne. Akwai rabin tauraro a jiki.

Ba na zarginka, zato zunubi ne. Tambaya nake yi: da saninka?

Allah shi tsare ka. Wassalam.
Yayarka, Tasallah

*

Ofishin Kamfani
Agusta, 1960

Zuwa ga Yaya Tasallah,

Gaisuwa da ladabi. A gaida Inna da kyau, a gaida maigidanki Maƙeri. Na ga takardarki, kuma na yi dariya a wajen naman nan. Yaya, har gobe kina nan yadda na san ki.

Bari in gaya miki abin da ba a sani ba a Tunga. Dahome ta karɓi mulkin kanta a wannan wata, Nijeriya ma saura kaɗan. Bature zai koma gida, kuma zai bar mabuɗin kamfani a hannun ɗan ƙasa. Mu biyu ake dubawa, ni da wani mutumin kudu mai takardun makaranta. Ni ba ni da takarda, abin da nake da shi kogi ne. Bature ya ce wanda ya hana injin tsayawa a daminar nan, shi ne manaja. Injin kuwa bai san an rufe gurbi ba, Yaya. In ya kwana biyu bai ci kifi ba, ma'aikata za a sallama, kuma rabinsu 'ya'yan Tunga ne.

Na'Allah ya ce ruwa nasa ne? Ya nuna mini inda aka rubuta. Turawa ma da bindigoginsu suna naɗe tabarma, balle tsoho mai laya a damtse. Kifi ba ya ƙarewa a kogin Kwara.

Maganar ɓallin gwangwani, kowa na sayen kayanmu, kowa na iya zuba abin da ya ga dama a ciki. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Don a wanke zukata, zan aiko Ɗanmusa, ɗan Tunga da ke aiki a kamfani, da jirgi cike da kifin gwangwani, kyautar kamfani ga mutanen Tunga, su ci ranar bikin 'yancin kai. Ki gaya wa Inna ta shirya, ɗanta ya kusa zama a kujerar Bature.

Ƙanenki,
Bunyaminu

*

Tungar Na'Allah
Watan Mauludi

Zuwa ga Bunyaminu. Sallama irin ta addini. Ka yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa.

Jirgin kyautarka ya zo, amma bai iso gaɓa ba. Ɗanmusa ya ratse Gurbin Dorina tukuna, shi da matuƙansa biyu. Bai san Sarkin Ruwa ya ɓoye mutane cikin burgu ba. Mu muna wanki a mashaya, komai a kan idona anka yi.

Ɗanmusa ya huda gwangwani da ƙusa, ya sa lagwani, ya kunna. Sai jirage sunka fito mashi ta ko'ina. Sarkin Ruwa ya miƙe tsaye ya ce, "Ɗanmusa! Ubanka ni na koya ma jefa taru. Aje abin ga!"

Ɗanmusa ya ce, "Baba, matsa, ruwan ga na gwamnati ne yanzu!"

Yana wannan magana ya manta abin da ke hannunsa. Bunyaminu, na ga hannun mutum ya rabu da shi. Na ga yatsu sun faɗo cikin jirgin wani. Jirginku ya kife, akwatunan sunka farfashe, gwangwanaye sunka zube cikin ruwa. Masunta kuma ba su tsaya ba. Matuƙi guda sunka soke shi da mashin kada a cinya, sunka jawo shi kamar kifi, ɗayan sunka yi ta dukansa da gora duk sa'ad da ya ɗago kai ya sha iska, har ya daina ɗagowa. Ina ta kiran sunan Allah, ba mai ji na. Waɗanga mutane ne da nake koya ma 'ya'yansu Fatiha.

Washegari 'yan uwan matuƙin da ya mutu sunka ƙetaro da adduna, tare da masu gadin kamfani. Sun ƙone taruna da ke shanye, sun fasa jirage da gatari, sun sare ɗan Sarkin Ruwa a kafaɗa har ƙashi ya fito. Kafin 'yan doka su iso daga Bagudo sun koma ƙetare.

Ɗanmusa a zaurenmu anka shimfiɗe shi, don babu gidan da ya yarda ya karɓe shi. Ni na riƙa ɗiga mashi ruwa. Kafin ya cika ya ce mani, "Gwaggo, kayan nan biyu ne. Akwai na kifi, akwai na wuta. An rufe su iri ɗaya don kada kwastan su gane. Akwatinsu daban ne, amma akwatin ya fashe." Na ce, mi ne alamarsu? Ya ce akawu kaɗai ya sani, don shi ke tsayawa a kan rufin gwangwani. Sai na laƙƙana mashi kalmar shahada.

Ba zan yi maka faɗa ba, wanda ya san abin da ke cikin ƙirji shi zai tambaye ka. Abu guda nake roƙo. Ruwa zai janye, gwangwanayen na nan kwance cikin laka. Gurbi ya mutu, taruna sun ƙone, mutane na jin yunwa. Za su tsince su, kuma ka san inda suke ɗora su kafin su fasa. Ka rubuto mani alamar.

Yayarka, Tasallah

*

Ofishin Kamfani
Satumba, 1960

Yaya,

Gaisuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Kin san abin da kike nema kuwa? In na rubuta alama da hannuna, na rubuta cewa ni na cika su. Jandarma, 'yan sandan nan ƙasar, sun zo ofis suna tambaya, Bature ya ce musu kamfani kifi yake rufewa, ni ma haka na ce. Mutumin kudun nan jira yake in yi tuntuɓe. Ba kujera kaɗai zan rasa ba, kurkuku ne, ko abin da ya fi shi.

Maganar mai fitar rai ba hujja ba ce. Kuma abin da ya kwana cikin ruwa ai ya jiƙe. Ki yi haƙuri har a miƙa mini mabuɗi, sai in turo mutane su kwashe su a hankali, in saya wa Tunga sababbin taruna. Ki ƙona wannan takarda.

Bunyaminu

*

Tungar Na'Allah
Bayan Mauludi

Zuwa ga ƙanena Bunyaminu, tare da sallama.

Ban ƙone takardarka ba, akwai sunan Allah a ciki. Na nuna ma Maƙeri maganar jiƙewa. Ya ce gwangwanin da ya hana kifi ruɓewa shekara guda, shi zai bar ruwa ya shiga?

Ruwa ya janye. Mata sun shiga laka har gwiwa suna cika ƙwarya da gwangwanaye. Na bi gida gida ina roƙo. Sarkin Ruwa ya sa an yi shela a kawo su duka, an kawo kaɗan, an ɓoye sauran cikin rumbu da ƙarƙashin gado. Waɗanda anka fara fasawa duk kifi ne, sai anka mai da ni abin dariya. Iyatu maƙwabciyarmu ta ce, "Malama, in kayan ƙanenki kike ma tsaro, faɗi gaskiya. Sun ƙone mana taru, su kuma hana mu miya?" Na ce, Iyatu, wuta ce a ciki. Ta ce, "To ai an rage mana neman itace."

Maƙeri ya auna su a hannu, ya girgiza a kunne, ya ce wanda ya cika su ya san aikinsa, nauyinsu ɗaya. Ya daina hura wutar maƙera don tsoron abin da yara ke kawowa.

Da yawa sun ce ajiya suke yi sai ranar biki, a ci da tuwo. Bikin kuwa Asabar ɗin nan ce.

Saura in gaya maka wannan. Inna ma tana da nata. Iyatu ta ba ta, kuma ta ƙi nuna mani inda ta sa. Na durƙusa gabanta, ta ce, "Ke Tasallah, tun kuna ƙanana kike ganin laifinsa. Abin da Auta ya aiko ma garinsu shi za ya cuce ni?" Na bincike ɗakinta sa'ad da ta fita alwala, Allah shi yafe mani, ban gani ba.

Ba kujerarka nake so ba. Kalma guda ce. Malami na jiranka a bakin ruwa, na ce kada ya taso sai da amsa.

Yayarka, Tasallah

*

Yaya,

Na riƙe Malami har an gama taron miƙa mabuɗi jiya Asabar, don ba a barin akawu ya fita. Ki yafe mini.

Ku kifar da gwangwanin. Na wuta yana da ɗigon dalma a gindi, daidai tsakiya, kamar ƙwayar dawa. Na kifi gindinsa sumul yake. Ki fara da na Inna, don Allah ki fara da na Inna. Kada ki ce daga wurina kika ji.

Bunyaminu, Manaja

*

Tungar Na'Allah

Zuwa ga Bunyaminu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malami ya iso ranar Lahadi, kwana guda bayan mun yi rakiyar gawa zuwa ƙofar gida.

Ranar Asabar da hantsi, ana kiɗa a dandali, Inna ta ciro gwangwaninta daga cikin tulun da take ajiye likkafaninta. Iyatu ta ji ta ta kan danga tana cewa yau kifin Auta za ta ci, tunda za a ba shi kujera. Ta ɗora bisa garwashi, ta sunkuya tana fifita. Ni na yi mata wanka. Abin da ban samu ba na fuskarta, na rufe da auduga.

Na ɗauki takardarka na je kasuwar Lolo, na ba Sarkin Ruwa, na karanta a gaban jama'a. Ka ce kada in faɗi wurin wanda na ji. Sun tambaye ni, kuma da ban faɗa ba, ba mai fito da nasa. Na karanta har sunanka da ke ƙasa. Kafin la'asar an tara gwangwanayen fal a dandali, Maƙeri ya kifar da su ɗaya bayan ɗaya, masu ɗigon an kai su tsakiyar kogi an nutsar. Guda daga ƙarƙashin gadon Iyatu ya fito, inda jikokinta ke kwana.

Sarkin Ruwa ya aika ma 'yan doka da takardar. Samari kuma suna gyaran jiragen da sunka rage, na san ba don kamun kifi ba ne. Na roƙi Sarkin Ruwa, ya ce zai riƙe su har 'yan doka su rigaye su, in ya iya. Ka zaɓi waɗanda za ka miƙa ma hannunka.

Gwangwanayen da Inna ta jera suna nan, ban taɓa ba. Malami zai kawo maka su, gadonka ne.

Allah shi jiƙan ta. Wassalam.
Tasallah