Muryar da Ke Farkon Waƙar Nowel

Lamorde, Yamai
Farkon Disamba

Zuwa ga Yaya Halimatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya, ke da maigida da Shu'aibu da sauran yara. Na ba Sumana direba wannan takarda saboda na san wayar gidanku a aljihun maigida take zama, kuma abin da aka faɗa a cikinta har kajin gidan suna ji.

Yaya, ƙanenki ya fara zama mutum. Kin san tun yaushe nake zaune a ɗan sutudiyon nan ina haɗa kiɗan biki da tallar sabulu. To, watan jiya 'yan koral, wato mawaƙan wata majami'a a unguwarmu, suka zo in haɗa musu waƙar Nowel, wato Kirsimeti, da Hausa da Zabarmanci. Sun ce sun gaji da waƙoƙin Turawa masu zancen ƙanƙara, a garin da ko a Disamba sai an kunna fanka da rana. Muka yi, na kai wa wani gidan rediyo mai shirin "Goma na Mako", inda masu sauraro ke buga waya suna zaɓen waƙa. Duk Disamba tsofaffin waƙoƙin waje ne ke cika jerin. Tamu ta shiga a ta tara, yau tana ta shida. Jiya na shiga taksi daga Wadata, direban da carbi a hannu, yana bin amshin da ƙarfi. Ban iya zama wuri ɗaya, ko abinci a tsaye nake ci.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Kin tuna da kika zo gida wankan jego, haihuwar Anisa? Ina da rediyo mai kaset a lokacin. Wata rana da hantsi gidan ba kowa, na ji kina yi mata waƙa a ɗaki, na laɓe na ɗauka. Kaset ɗin yana wurina har yau. Waƙar koral tana son muryar uwa a farko, kamar Maryamu tana lallashin jariri. Na gwada mata uku, duk sai ka ce masu tallar kifi a bakin gada. Sai na tuna da ke. Na sa wurin da kike cewa, "Kwanta, kwanta, ruwa ya ɗauke, ba mai ganinmu." Inda kika ambaci sunanta na yanke shi.

Na san za ki ce majami'a. Ki kwantar da hankalinki, ban sa sunanki ko'ina ba, kuma ba kalmar addini ko ɗaya a bakinki. Ki yi mini addu'a ta kai ta ɗaya.

Ƙanenki,
Nazifi

*

Dogon Dutsi

Nazifi,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya. Takardarka ta zo, amma waƙarka ta riga ta zuwa.

Wa ya ce maka majami'a ce damuwata? Maƙwabtanmu Kirista ne tun kafin a haife ka. Da Sallah mu kai musu nama, da Nowel su kawo mana shinkafa. Zaman Yamai ya wanke maka kai har ka manta gidan da ka fito.

Ran Talata ina wurin injin niƙa, wani saurayi ya kunna abin a wayarsa. Ban gane ba da farko. Sai na ga mata sun juyo suna kallona. Tsohuwar nan mai ƙosai ta ce, "Halimatou, ashe haka kike yi in an saki labule?" Aka bushe da dariya. Ba wadda ta tambaya wa nake yi wa. Wace uwa ce za ta ɓuya ta yi wa ɗanta waƙa, har tana cewa ba mai ganinsu, in ba na fari ba ne? Na bar garina a can, sai yaro na aika ya ɗauko.

Tunda ka manta, bari in tuna maka. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗiyar fari. Ba ta wasa da ita a gaban mutane, ba ta nuna tana sonta. Haka Inna ta yi wa Yaya babba, haka tata uwar ta yi. Shi ya sa da aka yaye yarinyar, ƙanwar maigida, Ramlatu, ta tafi da ita Saga, can Yamai, ta riƙe, ban ce uffan ba. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa kama ni. Kowa a garin nan yana cewa Halimatou mai kunya ce, da ita ake ba amare misali. Kai kuma rana ɗaya ka ɗauki abin da na yi ni kaɗai a ɗaki ka zuba a lasifika. Uwar maigida ta ce ashe rashin ta-idona ya daɗe, ɓoye shi nake yi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na ji haushinka ƙwarai.

Ka cire muryata. Ba shawara nake ba ka ba.

Ɗiyar Ramlatu tana nan kusa da kai a jami'a. Ta ji abin? Ta san ko wace ce? Ka amsa mini wannan kafin komai.

Yayarka,
Halimatou

*

Lamorde, Yamai
Tsakiyar Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Wallahi tunanina bai kai can ba. Ni majami'a kawai na hango.

Na yi abin da kika ce. Na haɗa wata ba muryarki, na kai rediyo da ƙafata. Suka sa ta ran Asabar. Masu sauraro suka yi ta bugowa suna faɗa, wai ina matar nan ta farko? Daga ta huɗu ta faɗo ta takwas. Mai shirin ya mayar da tsohuwar ba tare da ya tambaye ni ba, yanzu tana ta biyu. Ta ɗaya wata tsohuwar waƙar Turawa ce da ta girme ni, duk shekara sai ta dawo ta zauna a kan kujerar.

Ko da rediyo ta bari, masu tura waƙa a kasuwa sun riga sun zuba ta a kart memuwar ɗin wayar kowa. Kuma gara in faɗa miki gaskiya, waƙar Nowel ba kamar ta biki ba ce da ake mantawa bayan wata biyu. Janairu za ta kwanta, Disamba ta tashi. Baɗi za ki ji ta, baɗin baɗaɗa ma haka. Na rasa yadda zan yi, sai zagaye nake a ɗaki kamar akuya a turke.

Tambayarki. Anisa ta zo sutudiyo shekaranjiya da littattafanta. Ta ce, "Kawu, wace ce matar nan?" Na ce wata ce daga ƙauye. Ta sa na maimaita mata farkon sau da yawa. Sannan ta ce, "Wanda aka yi wa wannan waƙa ya more." Ta yi dariya, amma ba ta dariya ba ce.

Ba ki sani ba, ta samu burs, wato tallafin karatu a Maroko, farkon Janairu za ta tashi. Na ce yaushe za ta je Dutsi sallama? Ta ce ba sai ta je ba, za ta rubuta takarda. Ta ce, "Kawu, in na je, sannu da zuwa ce kawai, sai a miƙo mini fura a juya baya. Ko na tafi ba wanda zai lura." Karatun shekaru ne, Yaya, kuma masu zuwa can ba duka suke dawowa ba.

Ga abin da nake roƙo. Mai shirin ya ji labarin akwai sauran kaset. Ya ce in na kawo cikakkiya, har da inda kika kira sunan, ranar jajibirin Nowel za ta hau ta ɗaya, ya rantse. Ba zan ɓoye miki ba, ina son ta ɗayan nan kamar raina. Amma ba don ni kaɗai ba ne. Yarinyar za ta ji da kunnenta. Ki ba ni izini.

Naki,
Nazifi

*

Dogon Dutsi

Nazifi,

Na amsa gaisuwarka. Ban ba ka izini ba.

Ka iya haɗa magana, har ka sa son ranka ya yi kama da taimako. In ta ɗaya kake nema, ka neme ta da muryar masu tallar kifinka.

Kana tsammani ban san abin da ake nufi da miƙa fura a juya baya ba? Ni nake dama furar nan da hannuna tun kafin motarta ta iso, ba na barin kowa ya taɓa. Da Shu'aibu ya zo, na goya shi a gaban kowa, na yi masa rawa a tsakar gida, don shi na biyu ne, ba mai cewa komai. Ita kuwa in ta zo hutu, sai in ta sunkuya tana wanke hannu nake samun kallonta. Haka aka koya mini, kuma ban san wata hanya ba. Yanzu da furfura a kaina kake so in tsaya a gaban ƙasa duka in kira abin da ban taɓa kira a gaban uwata ba?

Na daina zuwa kasuwa. Ko'ina na bi, wannan yarinyar mai jego tana bina da waƙarta. Na zauna in tsince shinkafa sai in ga na tashi, na fita ƙofa sai in dawo ban san abin da na je yi ba.

Maroko akwai sanyi, in ji Sumana. Ka duba ko tana da rigar kirki. Kada ka ce ni na ce, kuma kada ka faɗa mata komai game da kaset.

Halimatou

*

Saga, Yamai
Bayan Nowel

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi, ina gaida Baba da Shu'aibu da ƙannena. Goggo Ramlatu tana gaishe ku, an fara aikin shinkafa, shi ya sa ba ta samu zuwa ba.

Na rubuto in sanar da ke cewa na samu gurbin karatu a Maroko, zan tafi farkon wata mai kamawa. Shirin tafiya ya yi yawa, ba zan samu zuwa Dutsi ba. Ina neman gafararki da albarkarki.

Akwai wata magana, in na yi rashin kunya ki yafe mini. Waƙar da Kawu Nazifi ya haɗa ta ƙare shekara a ta biyu, yana ta ɓacin rai. Ran Nowel maƙwabtanmu sun kunna ta, Goggo tana sheƙe shinkafa. Da farkon ya zo, ta ajiye faifan ta ce, "Wannan ai muryar uwarki ce." Na tambaye ta wa ake yi wa waƙar, ta ce in tambayi mai muryar, ta shige ɗaki. Kawu kuma da na je, sai ya hau gyaran wata waya da ba ta lalace ba.

Ba sai kin amsa ba, na san Shu'aibu ne. Na sha ganin yadda kike masa. Ban taɓa jin haushinsa ba, ƙanena ne. An faɗa mini al'ada ce, na kuma yarda, ban taɓa ƙorafi ba. Amma ban san kina da irin wannan muryar ba, Inna. Na yi mako uku ina saurarenta a hanyar jami'a, ina cewa a raina da ma matar nan ce ta haife ni. Da na ji ke ce, na rasa inda zan sa kaina. Gara da ban sani ba.

Na goge ta daga wayata, amma a taksi ba ni da iko. Can inda za ni ba za a sa ta ba, wataƙila hakan ya fi.

Allah ya ƙara miki lahiya da nisan kwana.

Ɗiyarki,
Anisa

*

Dogon Dutsi

Nazifi,

Ina gaisuwa. Ka kira ɗiyar Ramlatu sutudiyo. Ka kunna mata kaset ɗin daga inda ka yanke har ƙarshe. Ita kaɗai, ba rediyo ba. In ka kunna ka fita ka ja ƙofa. In ta tambaya, ban san ka yi ba.

Ran Laraba zan biyo motar Sumana, zan kawo wa Ramlatu gero. Kada ka zo tasha. Ka dai faɗa a gaban yarinyar cewa buhun yana da nauyi, ni kuma bayana ba kamar da ba.

Yayarka,
Halimatou