Kwana Ashirin da Uku Rabonka da Laburare

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano,
Alhamis, 8 ga Yuli, 1999.

Zuwa ga Saifullahi, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar ɗorawa ga wanda rana ta dafa, wanda zuciyata ta zaɓa ba ta yi shawara da ni ba, kuma wanda ya fi kowa iya ɓata mini rai a duk faɗin Tarauni.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ko da yake na san ƙalau kake, don marar lafiya ba ya wuni a ƙofar gidan kansila yana tafi.

Yau kwana ashirin da uku rabonka da laburare. Ni ce a teburin aron littattafai, ƙofa tana gabana, saboda haka babu wanda zai gaya mini. Duk sanda ta buɗe sai in ɗaga kai kamar shukar da ta ji ƙamshin hadari, sai in ga wani ne daban ya shigo. Har zuwa yaushe, Saifu? Me kujerun nan suka yi maka? Ni kuma me na yi maka?

Ka tuna ranar da na fara saninka, a damunar bara? An wuni ana ruwa, muna shirin rufewa, sai ga ka ka shigo jiƙe sharkaf, takalminka a hannu. Ka zaro littafin da ka ara daga cikin riga, ka naɗe shi a leda biyu, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na ce, “Malam, ai da ka bari sai gobe.” Ka ce, “Wani yana jiransa.” Wallahi a kan wannan maganar na so ka. Na ce a raina, wanda ya jiƙe don kada wani ɗalibi ya kwana babu littafi, ba zai bar marar lafiya a kan gado ya tafi ba. Ina wannan mutumin ya shiga? Wa ya ɗauke mini shi ya bar mini mai riƙe wa kansila jaka?

Na san abin da ya kore ka. An kafe sakamako, sunanka ya fito cikin waɗanda za su sake rubuta jarrabawar ilimin magunguna. To sai me? Ku bakwai ne. Shida suna zuwa kullum. Abokinka Opeyemi tun daga Unguwa Uku yake hawo acaɓa, ko ana ruwa, kuma makinsa bai kai naka ba. Kai kaɗai ne kunya ta kama, sai ka ce a kanka aka fara faɗuwa a makarantar likitoci.

Shugabarmu a laburare, Hajiya Indo, ta ware musu teburin da ke jikin taga. Ka san halinta, ba ta wa’azi, sai dai ta ja kujera ta zauna kusa da mutum. Ta fito musu da tsofaffin takardun tambayoyi na shekara biyar, ta ce kowa ya fara amsawa littafi a rufe, don ya ga inda ramin yake kafin ya soma zuba ƙasa. Ta hana su karatun doki, a yi awa shida a zaune ba abin da ya zauna. Da sun yi awa ɗaya sai ta ƙwanƙwasa tebur da biro, kowa ya tashi ya zaga ya sha ruwa. Ran nan ta ga wata tana gyangyaɗi, ta tambaye ta ko ta karya, ta ce a’a. Hajiya ta rufe littafin ta ce, “Je ki ci abinci, ’yata. Ciki ba komai, kai ma ba komai.” Da la’asar kuma kowa sai ya tashi ya koya wa sauran abin da ya karanta, wai abin da baki ya kasa faɗa, alƙalami ma ba zai faɗa ba. Har wasiƙa ta rubuta wa kowannenku zuwa ga malamin darasin, ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya ya nuna wa kowa inda ya yi tuntuɓe. Taka wasiƙar tana cikin durowata, ƙura tana hawa kanta.

Sau uku tana tambayata kai. Na farko na ce ba ka jin daɗi. Na biyu na ce ka yi tafiya. Na uku ta cire tabarau ta dube ni ta ce, “Mufida, ƙarya ba ta yi miki kyau. Ki ce masa ni ma na taɓa faɗuwa, ban mutu ba.” Dubi abin da ka mai da ni, ya kai farin watana! Ni da ba na iya yi wa ɗalibi ƙaryar cewa littafi ba ya nan.

Na ji wai sabon kansilanku ya yi maka alkawarin zama mai ba shi shawara kan lafiya. Soja sun koma bariki, kowa ya ɗinka babbar riga yana jiran rabo, ban hana kowa murna ba, ni ma na bi layi na jefa ƙuri’ata. Amma kai da ka ƙi karɓar shawara, wace shawara za ka ba wani? Shekara huɗu kana haƙa rijiya, ƙasa ta fara danshi, sai ka fito ka bi mai tallan ruwa?

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, shekaranjiya na haɗu da Inna, mahaifiyarka, a kasuwar Tarauni. Ta riƙe hannuna tana murmushi ta ce, “Likitanmu karatu ya yi zafi, kullum yana wajenku. Ki riƙa sa shi yana hutawa.” Saifu, ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na ce to, Inna. Na dawo gida ban sayi abin da ya kai ni ba.

Saura kwana goma sha tara a shiga jarrabawa, kuma ka fi ni sanin cewa wanda bai zauna ba, sallamarsa za a yi. To ka saurara. Ran Litinin ƙarfe takwas ina buɗe ƙofa. In ka zo, ba zan ce maka uffan ba, ba gori, ba harara. Zan miƙa maka wasiƙarka in nuna maka kujerarka. In ba ka zo ba, da na tashi aiki gidanku zan nufa, in durƙusa gaban Inna in gaya mata komai. Ka yi fushi da ni shekara guda in ka ga dama. Gara in ga bayanka kana fushi da in zuba ido ina kallo kana rushe kanka.

Kada ka ce don takardar likita nake sonka. Ka zauna ka rubuta, ko ka sake faɗuwa ina nan, zan tsaya gaban Babana in ce kai nake so, kaina a ɗage. Faɗuwa ba ta ba ni tsoro. Gudun nan naka ne yake cin raina kamar gara a cikin azara.

Ka huta lafiya, ka yi aski, ka zo da biro biyu.

Taka, wadda fushinta zai huce amma sonta ba shi da ranar tashi,
Mufida Haruna.