Alwala a Duwatsun Shere

Daren Laraba, ƙarshen damina

Yau na raka ɗiyata Rukayya duwatsun Shere, inda take binciken yadda imanin mazauna tsaunuka yake kare muhallinsu. Dattijon da ya yi mana jagora ya nuna wani marmaro cikin kurmi, ya ce, "Hajiya, kakanninmu sun hana a sare ko reshe a nan. Wurin bautarsu ne."

La'asar ta yi, babu wani ruwa kusa. Ya halatta in taɓa wannan ruwan?

"Umma, wa ya fitar da shi daga dutse?" in ji Rukayya, da ta ga ina jinkiri.

Na yi alwala, sanyi har ƙashi, gajimare na wucewa ƙasa da mu. Ruwan da hanin kakannin dattijon ya tsare, shi ya kai goshina ƙasa. Ya Rabbi, na kasa barci.