Surukina Ba Ya Duba Katinsa Kafin Ya Ɗaga

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana, wanda zan yi magana a kansa yana da kunnuwa a ko'ina. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu buga poker ta intanet, da waɗanda Allah ya jarrabta da suruki mai barkwanci.

Ni ɗan Zariya ne, ina koyar da lissafi a Lyon, muna zaune a unguwar Les Minguettes ta Vénissieux da matata. Mahaifinta, Alhaji, mutumin Maraɗi ne, yana da shagon sari a Aubervilliers, gefen Paris. Duk Lahadi bayan la'asar mu shida muke haɗuwa a teburi ɗaya ta waya, wasu daga Paris wasu daga Lyon. Kafin malamai su zaro mini ido, ba ko sisi a ciki, jeton ne kawai, wato kuɗin wasa na ƙarya. Mutunci kawai ake ci ko a rasa, shi ya sa abin ya fi zafi.

Ga wanda bai san wasan ba, ana ba kowa kati biyu a rufe. Kafin a buɗe katuna ukun farko a tsakiya, waɗanda ake kira flop, ko dai ka ajiye katinka ka fita, ko ka bi, ko ka ɗaga, wato ka ƙara jeton sai saura su biya ko su gudu. A iya karatuna, mai hankali a teburin mutum shida yakan ɗaga a kusan hannu ɗaya cikin biyar, ya ƙara idan shi ne na ƙarshen magana, ya rage idan shi ne na farko. Alhaji bai samu damar wannan karatun ba. Shi kowane hannu "relance", wato "na ɗaga" da Faransanci, haka yake faɗa da ƙarfi, kamar mai koran akuya daga rumbu.

Maganin irin wannan mutum sananne ne, ka ɗaga a kan ɗagawarsa, tunda yawancin abin da ke hannunsa shara ce. To amma ni an rene ni a gidan da ba a cin abinci gaban suruki, ba a faɗin sunansa. Yaya zan yi tayi a kan tayinsa? Sai ya zama da zarar ya ɗaga na ajiye. Akwai ranar da na ajiye sarakuna biyu, hannu mai ƙarfin gaske, ya kwashe teburin da bakwai da biyu, hannu mafi rauni a wasan, na rubuta masa "Allah ya ƙara nasara Baba". Ni a zatona ya san kunya ce.

Ashe bai sani ba. A wani suna da aka yi nan Vénissieux ya zo ta jirgin ƙasa, maza sun cika falo kowa da farantin shinkafa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ku ga docteur ɗinmu na lissafi. Ya ƙirga, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sannan ya ruga." Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa da ya san haka zuciyata take, da kati ya raba mini kafin ya ba ni 'ya. Na yi murmushin da tarbiyya ta tanada don irin wannan rana. Tun daga nan sunana Docteur Na-Ajiye, har wani direba a kasuwar Rungis da bai taɓa ganina ba yana aiko mini gaisuwa da shi.

Lahadin da ta wuce na gwada sau ɗaya. Ya ɗaga, na ɗaga a kansa. Ya ajiye. Kafin a gama hannu na gaba ya kira matata yana tambaya ko mijinta lafiya, ko yatsansa ne ya zame. Wallahi na fi jin zafin wannan tambayar a kan abin da ya yi a sunan.

Ita kuma matar tawa ta ƙara dagula lissafin. Ta ce Baba ba ya sa tabarau idan yana wasa, shida da tara duk ɗaya ne a wurinsa, babban maɓallin kawai yake dannawa. Sannan ta ce ba ita ta faɗa mini ba, kuma in tuna yayanta ya taɓa cinye shi a dara, sai da aka yi azumi guda bai amsa gaisuwarsa ba.

Yanzu ga inda aka kwana. Wasan rufe shekara a falonsa za a yi, a haɗa da babbar talabijin, ya gayyaci abokansa 'yan kasuwa su zo su ga yadda Maraɗi ke koyar da Zariya. A bayansa nake magana a teburin, wato Allah ya ba ni kujera mafi kyau. Na san idan na ɗaga a kansa duk lokacin da katina ya ɗan yi kyau, zan raba shi da jeton ɗinsa kafin shayi ya huce, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina so in ga fuskarsa. Amma gidan nan zan ci gaba da zuwa sallah, kuma shi ne kakan 'ya'yan da ban haifa ba tukuna.

Masu wasa, sau nawa zan ɗaga a kansa ya ji a jikinsa ba tare da an ce na ci fuska ba? Masu surukai kuma, idan na cinye shi ƙarƙaf a gaban abokansa, durƙusawa zan yi in ba shi haƙuri, ko in tambaye shi ko yatsansa ne ya zame?