Tsaga a Saman Cocin Fasto Wamono

Namakhuli, watan Fabrairu

Zuwa ga Yayata Khainza,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Ya zaman Jinja? Ta'aziyyarki ta iso, na gode. Kin ce in ba ki labarin rasuwar mijina Wetaka, kin kuma ce in yafe. Labarin zan ba ki. Maganar yafiya kuwa, kada ki sake ɗauko min ita.

Kin san ya daɗe yana zuwa wajen tsoho Obadiya, Bayahuden nan na kusa da Mbale, yana koyon Ibrananci. Ba addini ya canja ba, Yaya. So yake ya ji annabawa da harshensu. Shi kuwa Fasto Wamono kullum wa'azinsa ɗaya: duk inda annabi ya ambaci albarka, tamu ce, duk inda ya ambaci hukunci, na Yahudawa ne. Yana faɗin haka yana korar gwauraye daga gonakin coci, yana sare itatuwan dutsen da ke samanmu don ginin gidansa.

Ranar da aka ba Wetaka jagorancin nazarin Littafi a coci, sai ya buɗe Ezekiyel. Ya ce kalmar da annabawa ke kiran taron jama'ar Allah da ita, kahal, ita ce aka juya ta zama ikilisiya, don haka ba wanda ya isa ya ɗebi albarka ya bar wa wasu bulala. Ya ce a wahayin annabin, hukunci daga ɗakin Allah ya fara, kuma dattawan da ke zaune a gaba aka fara taɓawa. Dattawanmu suna gaba a zaune. Fasto ya miƙe ya ce, "To, Malam Bayahude, mun ji. Sai ka je can su ba ka abinci." Mutane suka yi dariya.

Kafin wata Lahadin an kore shi daga coci, an kore shi daga koyarwa a makarantar cocin. Ya koma fasa duwatsu. Ƙura ta cinye masa ƙirji ina kallo.

Da ya cika, Fasto ya sanar cewa duk wanda ya taka gidanmu ya fita daga ikilisiya. Yaya, mutumin da ya koya wa rabin ƙauyen nan karatu! Na dafa ayaba tukunya biyu, ba mai ci. Obadiya ne ya zo da 'ya'yansa suka haƙa kabarin. Maƙwabciyata Mutonyi tana leƙe ta cikin gonar ayabarta tana kuka, amma ba ta ƙetaro ba.

Yanzu kowace safiya nakan karanta surar nan, in ɗaga kai in ce wa Ubangiji: ga dattawan can, me kake jira?

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki,
Nabulobi

Namakhuli, watan Afrilu

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, mu ma muna nan, sai ruwa da ba ya ɗaukewa. Maganin da kika aiko na karɓa.

An amsa addu'ata, ga shi kuma na rasa sukuni.

Na hau dutse neman itace, can inda Fasto ya sare daji. Sai na tarar ƙasa ta tsage. Tsagar ta yi tsawo daga gonar kofi har rafi, na zura sandata ba ta taɓa ƙasa ba, ruwa yana gudu a ciki. Ke ma a nan aka haife ki, kin san abin da ke biyo bayan irin wannan. Na duba ƙasa, sai ga rufin cocin daidai ƙarƙashin ƙafata, ga sabon gidan Wamono a gefensa.

Ba zan ɓoye miki ba, dariya na yi. Na zauna a kan kututture na yi ta yi har da hawaye. Na sauko ban gaya wa kowa ba.

Washegari na je wurin Obadiya, don ina son in ji daga bakinsa cewa annabcin mijina ya cika. Ya ba ni shayi, ya saurare ni, sannan ya ce, "'Yata, a wurinmu annabi ba boka ba ne. Ba ya faɗin masifa don ta zo ya yi alfahari, yana faɗi ne don a juyo ta fasa zuwa." Ya tuna min cewa Ezekiyel ɗin nan da nake wasa wuƙata da shi, shi ne ya ce mai tsaron da ya hango takobi bai busa ƙaho ba, jinin mutane na wuyansa.

Na ce, "Baba, su suka kashe shi."

Ya ce, "Yaran da ke waƙa a cocin ma?"

Na tashi na bar masa shayinsa. Duk hanya ina zaginsa a raina, tsohon da ya binne min miji.

Yaya, ina son in ga laka ta shiga bakin da ya kira Wetaka Malam Bayahude. Ina so ƙwarai. Amma jikokin Mutonyi a bencin gaba suke zama. Ki yi min addu'a, ko da yake ban san wacce zan ce ki yi ba.

Taki kullum,
Nabulobi

Namakhuli, watan Mayu

Yaya Khainza,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Na san kin ji a rediyo hankalinki ya tashi. Lafiyata ƙalau, gidana ma bai taɓu ba.

Na je. Ranar Lahadi na sa baƙaƙen kayana na shiga coci ana tsakiyar wa'azi, na wuce har gaban bagade. Ban roƙi kowa ba. Na ce dutse ya tsage a samansu, mai shakka ya hau ya gani da idonsa. Na nuna dattawa ɗaya bayan ɗaya na ce, "Ku ku zauna, don ku ban zo ba. Iyaye mata, ku kwashe 'ya'yanku."

Fasto ya ce, "Ikon Allah! Mijin annabi, matar ma annabiya. Ku fitar min da mahaukaciyar nan."

Ba wanda ya taɓa ni. Mutonyi ce ta fara miƙewa, ta ja jikokinta. Samari suka hau dutse suka dawo a guje. Kafin Laraba gangaren nan ya zama kango, har dattawan sun bi dangi zuwa ƙetaren rafi. Matar Fasto ma ta kwashe yaranta. Shi kaɗai ya ƙi. Ya ce in ya bar gidansa ya gaskata Bayahude.

Ranar Juma'a da hantsi dutsen ya sauko. Ina tsakar gida na ji ƙara kamar manyan motoci suna faɗawa rami. Da na fito, babu coci, babu gidan, sai jar laka har bakin rafi. Mutane suna kuka, ni ko ɗigon hawaye. Na tsaya na kalla sai da na ƙoshi.

An tono shi da rai. A asibitin Mbale aka yanke masa ƙafar hagu. Da labarin ya zo cewa zai rayu, raina ya ɓaci, Allah ya sani.

Jiya matarsa ta zo ta durƙusa a ƙofata, ta ce Fasto yana neman gafara. Na tashe ta, don ba ita ta yi min ba. Na ce ta gaya masa ba a aiko min da tuba a bakin mace. A gaban jama'a ya ci mutuncin mijina, a gaban jama'a zai janye. Ranar da aka sallame shi, ya tara ikilisiya duka, ya hawo nan da kansa.

Ta ce, "Mama, hanyar gidanki tudu ce, ga santsi, ga shi a kan sanduna."

Na ce na sani.

Kada ki rubuto ki ce na yi tsauri, Yaya. An riga an aiko min ɗan acaɓa wai shi zai kawo Faston, na mayar da shi. Da ƙafar da ta rage masa zai zo.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki,
Nabulobi